Sabon kamshaf, tsohuwar kanbata: ciwon kan masu a-kori-kura a Amurka

A Amurka, masu Chevrolet Silverado mai injin lita 5.3 kan sauya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, don ƙarin ƙarfi. Sai kuma motar ta yi nauyin tashi, a danja tana neman ƙwacewa daga birki.

Matsalar tana wajen tok-kanbata, na'ura mai cike da mai da ke haɗa inji da giyar otomatik. Babban kamshaf ba ya ba da ƙarfi sai inji ya ɗau juyi sosai, ita kuwa kanbatar kamfani tana ɗora masa nauyi tun bai kai juyi 2,000 a minti ba.

Ga matsakaicin kamshaf, akan zaɓi wadda ke barin inji ya kai 2,400 zuwa 2,800. Zarce haka ganganci ne ga mai jan tirela: yawan zamewa yana dafa mai, zafi kuwa shi ne ajalin giya irin 4L60E, dole a ƙara na'urar sanyaya mai.

Lambar jikin kwali ma kiyasi ce kawai. Masu ƙera kanbata sai sun tambayi bayanan kamshaf, nauyin mota da girman taya kafin su haɗa ta.