Mu Da Ake Aika Kemis: Abin Da Ya Kamata Mu Sani Game Da Maganin Masu Cutar MS

A yawancin gidajenmu na Gonin Gora, idan magani ya ƙare mu ake ƙwala wa kira. A miƙo mana tsohon kwali da kuɗi, a ce mu ruga bakin titin Abuja mu sayo irinsa. Mukan ɗauki aiken nan kamar na sayen gishiri ko magi. Abin da ya faru da wata maƙwabciyarmu ne ya koya mana cewa wani lokaci lafiyar mutum tana hannun ɗan aike.

Anti muke ce mata. Tela ce, shekarunta sun ɗan haura talatin. Da farko ƙafarta ta dama ce ta riƙa yi mata nauyi a kan keken ɗinki. Sai idonta ɗaya ya yi hazo na wasu makonni, ya washe. Daga baya ƙafafun suka fara sandarewa, cikin dare kuma su fizge da kansu har su tashe ta daga barci. Kafin azahar ta gaji liƙis, ko almakashi ba ta iya ɗagawa. Wasu a unguwa suka ce son jiki ne, wasu suka ce jifa aka yi mata. Sai da aka yi fiye da shekara ana yawon neman magani kafin a tura ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka ɗauki hoton kanta da na lakarta da na'urar MRI, aka gano tana da cutar da likitoci ke kira MS a taƙaice.

Wace cuta ce MS?

Mu tuna wayar lantarki da robar da ke lulluɓe da ita. Jijiyoyin da ke ƙwaƙwalwa da laka su ma suna da irin wannan riga, wadda ke sa saƙo ya tafi da sauri. A jikin mai MS, garkuwar jiki ce ke yin kuskure ta far wa rigar, ta bar tabo nan da can. Saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa sai ya makara ko ya rikice a hanya.

Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ne ya yi cikakken bayanin cutar a birnin Faris a 1868. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ne ke da ita a duniya. Ta fi bayyana tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi kama mata. Ba a ɗaukar ta ta hanyar cin abinci tare ko zama wuri ɗaya. An fi samun ta a ƙasashe masu sanyi, shi ya sa a nan ba a saurin kawo ta a rai, ga kuma ƙarancin likitocin jijiyoyi da tsadar hoto. Mai irin waɗannan alamomi a Kaduna, manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya kamata ya nufa.

Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. Akwai magungunan da ke rage yawan tashinta, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Akwai kuma masu sauƙaƙa wahalar yau da kullum. Waɗannan na biyun su ne aka fi aiken mu sayowa.

Sandarewa da fizgar tsoka

Maganin da likitoci suka fi farawa da shi shi ne baklofen. A laka yake aiki, yana kwantar da saƙonnin da ke sa tsoka ta ɗaure. Akwai kuma tizanidin da gabafentin. Dukkansu da kaɗan ake farawa, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, domin suna sa barci da jiri. Akwai wani dalili kuma da ya ba mu mamaki: ɗan taurin da ke ƙafar mai MS wani lokaci shi ke taimaka masa ya miƙe tsaye. Idan magani ya yi yawa, ƙafar sai ta saki gaba ɗaya, mutum ya faɗi. Don haka likita ke auna adadin da zai rage ciwo ba tare da ya kwashe ƙarfin ƙafa ba.

A nan ne Anti ta gamu da tsautsayi. Bayan ta yi watanni tana shan baklofen, sai ya ƙare mata ranar wata Juma'a. Ƙaninta ɗan aji biyar ya zaga kemis uku bai samu ba, ya dawo gida, aka ce a bari sai Litinin. Daren Lahadi ƙafafunta suka sandare fiye da yadda suka taɓa yi, jikinta ya yi zafi, ta fara maganganun da ba a gane kansu. Da asuba aka nemi mota aka tsallaka da ita asibiti cikin gari. Likita ya bayyana musu cewa jikin da ya saba da baklofen ba a yanke masa shi lokaci guda, domin hakan na iya kawo ruɗewa, gane-gane, har da jijjiga irin ta farfaɗiya. Ko da za a daina, a hankali ake ragewa cikin makonni. Ta samu sauƙi, amma tun daga ranar ƙanin nata ke ƙirga ƙwayoyin duk ranar Asabar.

Tizanidin ma yana da nasa tarkon, kuma ya shafe mu sosai. Kowa ya san yadda ake sayen maganin nan sifro da zarar an ce mutum yana da taifot. To, sifro yana hana hanta sarrafa tizanidin, sai ya taru a jini har kusan ninki goma. Jini ya sauka, barci mai nauyi ya kwashe mutum, yana iya sumewa. Ba a haɗa su ko kaɗan. Baklofen kuwa ta ƙoda yake fita, saboda haka mai ciwon ƙoda dole ya sanar da likita tun farko.

Idan fizgar ta ƙaru kwatsam, sau da yawa wani abu ne ya tayar da ita: cutar mafitsara, taurin bayan gida, zazzaɓi, ko gyambon kwanciya. Maganin abin da ya jawo ake yi, ba ninka ƙwaya ba. Miƙe gaɓoɓi kullum yadda ma'aikatan sashen gashi suka koyar shi ma yana rage taurin, kuma aiki ne da ɗalibi zai iya taya ɗan uwansa kafin ya tafi makaranta.

Gajiyar da barci ba ya kore ta

Mafi yawan masu MS suna kuka da gajiya, wasu ma sun ce ta fi ciwon ƙafa damunsu. Ta bambanta da gajiyarmu ta bayan ƙwallo. Mutum zai kwana lafiya, ya tashi kamar wanda ya wuni yana dakon siminti, ga shi a ido lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake yi musu kallon malalata.

Likitoci kan gwada amantadin, wanda asalinsa maganin wata irin mura ce, ko modafinil, maganin masu cutar yawan barci. Da safe ake shan su don kada su hana barcin dare. Sai dai amfaninsu yana da iyaka. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a mujallar Lancet Neurology a 2021, ya gwada waɗannan biyun da wani na uku, ya gano ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta rage gajiya ba, illolinsu kuma sun fi yawa. Don haka likita mai lura yakan fara duba wasu abubuwan: ƙarancin jini, maleriya, damuwa, rashin barci saboda fizgar dare, ko maganin sandarewar ne kansa ke kashe jiki.

Zafi ma babban abokin gaba ne. Tun a 1890 wani likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin masu cutar yana dusashewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gano ɗumamar jikin ce ke jawo hakan. Mu da muka san zafin Maris da Afrilu a Kaduna, ga rashin wuta, mun ga haka a wurin Anti. Yanzu da sanyin safiya take ɗinki, ta huta da rana, tana ajiye jiƙaƙƙen tawul a wuya da ruwan randa a kusa.

Abin da ba za mu taɓa yi ba shi ne sayo wa mai gajiya tiramol ko haɗin nan da ake cewa na ƙarin ƙarfi. Tiramol na iya jawo jijjiga, kuma idan ya haɗu da magungunan da ke sa barci yana iya danne numfashi.

Aikin ɗan aike

Mu tafi da takardar likita, mu karanta sunan da ke kwali da lambar ƙarfinsa kafin mu biya. Idan aka ce babu, ga wani mai kama da shi, kada mu karɓa sai an tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Mu duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Duk maganin da za mu sayo wa mai MS, ko na zazzaɓi ne, mu faɗa wa mai kemis abin da yake sha. Mu fara neman sabo tun saura na mako guda. Idan ya ƙare kuma an rasa, a tuntuɓi asibiti a ranar, kada a jira Litinin.

Ranar 30 ga Mayu ce Ranar MS ta Duniya. Ƙungiyoyinmu na kimiyya da na 'yan jarida a makaranta za su iya ɗaukar minti biyar a taron safe su yi wa ɗalibai bayanin cutar. Wataƙila a cikin layin akwai wanda yayarsa ke gida ana ce mata malalaciya.

Anti ta koma kan kekenta, kuma ita ta ɗinka wa ƙannenmu kayan makaranta na wannan zango. A bangon shagonta akwai wata takarda da aka yage daga littafin lissafi, ƙaninta ya rubuta sunan kowane magani da ranar da zai ƙare.