Shin Ibro da Bakinsa Yake Rera Waƙoƙinsa?

Wani mai saurarenmu, ɗan kasuwar hatsi daga Ƙanƙara, ya rubuto mana cewa gardama ta kaure tsakaninsa da abokan cinikinsa na Faskari da Sabuwa a kasuwar Sheme. Wai shin waƙoƙin barkwancin nan na finafinan marigayi Ibro, shi da kansa yake rera su?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Amsar ita ce, ba duka ba. Da yawa daga cikinsu wani mawaƙin Kano ne, Sadi Sidi Sharifai, ya rera, yana kwaikwayon muryar Ibro. Akan fara ɗaukar waƙar a ɗakin kiɗa, sannan ranar ɗaukar fim a kunna ta, shi kuma Rabilu Musa Ɗanlasan ya riƙa motsa baki yana taka rawa.

Ka da ka ɗauka yaudara ce, tsohuwar al'adar fim ce. A Indiya ma haka ake yi. A fim ɗin Pyaasa na 1957, ɗan barkwanci Johnny Walker ya fito yana waƙar tallar shafa mai a ka, alhali muryar ta Mohammed Rafi ce.

Amma ita kanta waƙar raha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ai ka san ’yan kama, waɗanda kan ari karin karatun malamai su cika shi da zancen tuwo da nama. Dabarar ke nan: a ɗauko sanannen kari, a sauya masa kalmomi. Haka aka yi a fim ɗin Ibro Awilo, inda aka kwaikwayi Awilo Longomba na Kwango.

Sai dai fa wasa yakan zama gaske. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai shari'ar harkar finafinai a Kano ta ɗaure Ibro wata 2, kuma rawar da ke cikin fim ɗin Ibro Aloko tana cikin abin da aka tuhume shi da shi. Mutumin da ya taɓa aikin gandiroba, sai ga shi a ɗaure.

Ibro ya rasu a watan Disamba na 2014, Allah Ya jiƙansa. Saboda haka in ka koma Sheme, ka gaya wa abokanka kowa na da tasa gaskiyar: rawar ta Ibro ce, amma sau da yawa maƙogwaron na wani ne. A gai da mutanen kasuwa.