Gudawar yara: Abin da likitoci ke dubawa idan an kai yaro asibiti

Duk wanda ya taɓa kwana a sashen gaggawa na yara a babban asibiti ya san irin yaron da aka fi shigowa da shi cikin dare: ɗan wata takwas ko goma, ya yi laushi a kafaɗar uwarsa, idanu sun zurma, leɓɓa sun bushe. Idan likita ya tambayi yaushe abin ya fara, sau da yawa amsar ita ce kwana uku ko huɗu da suka wuce, amma an ɗauka haƙori ne.

Wannan zato na haƙori yana cikin abubuwan da suka fi jawo jinkiri. Fitar haƙori kan sa yaro dalalar da yawu da ƙaiƙayin dasashi, amma ba ya kawo zawo mai ruwa-ruwa. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin da yaro ya fara rarrafe, yana kai duk abin da ya tsinta baki, an kuma fara ba shi kunu da ruwa. Ta nan ƙwayoyin cuta ke samun hanya.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, gudawa ita ce yin bayan gida mai ruwa sau uku ko fiye a yini. Likita kuwa ba yawan zawon ne ya fi tayar masa da hankali ba, ruwan da ya fita daga jikin yaron ne. Jikin jariri ƙarami ne, ajiyarsa kaɗan ce, don haka amai da zawo na yini guda na iya kai shi ga halin da babba ba zai kai ba sai bayan kwanaki. Shi ya sa za ka ga likita ya taɓa maɗigar jariri ya ji ko ta faɗa, ya tsunkuli fatar ciki ya ga ko za ta koma nan take, ya miƙa ruwa ya ga yadda yaron zai sha, sannan ya tambayi uwa rabon yaron da fitsari. Yaron da ke shan ruwa da haɗama yana cikin matsala, amma wanda ya kasa sha, yana ta barci ba ya farkawa da kyau, shi ne ake gaggauta sa wa ƙarin ruwa ta jijiya.

Mafi yawan gudawar yara 'yan ƙasa da shekara biyu ƙwayar bairos ce ke kawo ta, musamman rotabairos, kuma maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta. Nan ne kuɗin iyaye ke salwanta. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya biya kemis a hanyarsa ta komawa gida, a haɗa masa Flagyl da wani sirof, a yi kwana biyu ana ɗura wa yaro, ruwan jikinsa na ƙarewa. Magungunan tsayar da zawo na manya kuwa haɗari ne ga ƙananan yara, domin suna iya kumbura ciki su tsayar da motsin hanji.

Abin da ke ceton rai ya fi waɗannan araha. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar haɗa ruwan gishiri da sukari, wato ORS, da ƙwayar zinc. Hikimar ORS ita ce sukarin ciki yana taimaka wa hanji ya tsotse gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin, ko da ana cikin zawon. Ana narkar da ƙullin da aka rubuta wa lita ɗaya a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ba a rage ruwan don ya yi ƙarfi. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Zinc kuma, a shawarar 2004 ɗin, miligiram 20 ne kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, kuma ba a dainawa don zawon ya tsaya. Nono ba a yanke shi, abinci ma haka.

Sai dai ba kowane ciwon ciki ne ake jinya a gida ba. Jini a bayan gida yana nuna atini, wanda ke buƙatar maganin da likita zai zaɓa. Akwai kuma wata cuta da ake yawan rikita ta da atini: wani sashen hanji ya shige cikin wani, kamar yadda ake cusa hannun riga cikin kansa. Ta fi kama jarirai da 'yan ƙasa da shekara biyu. Yaro zai tsala ihu ya naɗe ƙafafu, ya lafa, can ya sake, daga baya ya yi kashin jini da majina. Wannan aikin likitocin tiyata ne, kuma kowace sa'a tana da muhimmanci. Haka nan koren amai, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. A yaran da suka isa makaranta, zazzaɓin taifot da aka yi sakaci da shi na iya huda hanji.

Likitoci kan kuma gwada jini, domin zazzaɓin cizon sauro, ciwon kunne ko cutar mafitsara kan zo wa yaro da amai da zawo. Idan gudawa ta kai kwana 14, hankali kan koma kan tamowa, domin su biyun suna ciyar da juna: zawo ya rame yaro, ramar ta sa hanjinsa ya kasa murmurewa. Irin wannan yaro ba a yi masa ƙarin ruwa yadda ake yi wa sauran, saboda zuciyarsa ba ta jure ruwa mai yawa a lokaci guda.

A watan Agustan 2022 Najeriya ta shigar da rigakafin rotabairos cikin jerin rigakafin yara na yau da kullum. Ɗigo ne a baki, ana bayarwa a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati. Uban da bai taɓa buɗe katin rigakafin ɗansa ba, ya dace ya karɓa yau ya duba ko an cike waɗannan gurabe uku.