Hawan Jini: Aikin Nas-Nas a Ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram

A yawancin ƙauyukanmu, idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, sai mu ji ana cewa iska ce ko jifa aka yi masa. Sau da yawa kuwa hawan jini ne da ya daɗe yana cin sa ba tare da ya sani ba. Wannan ciwo yakan shekara da shekaru bai nuna alama ba, har sai ya taɓa zuciya, ƙoda ko ƙwaƙwalwa.

A nan ne aikin ma'aikatan jinya na karkara yake da muhimmanci. Kafin manomi daga Sara ko wani lungu na Gwaram ya kai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sai ya yi kuɗin mota, ya bar gonarsa yini guda. Amma nas da ke asibitin sha-ka-tafi na kusa da shi za ta auna masa jini cikin 'yan mintoci. Idan awon ya riƙa kai 140/90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, za a ɗora shi kan magani ko a tura shi gaba. Da ɗigon jini ɗaya daga yatsa kuma ana auna suga.

Mu ɗalibai ma muna da rawar takawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Mu faɗa wa iyayenmu mata haka cikin ladabi. Mu raka Baba ko Kaka awo, mu kuma tuna musu cewa ba a daina shan maganin hawan jini don an ji sauƙi.

Wanda ke sha'awar aikin, akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Birnin Kudu, da makarantar fasahar kiwon lafiya a Jahun. Aikin jinya na buƙatar kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks.

Ranar 17 ga Mayu ce ranar yaƙi da hawan jini ta duniya. Kafin ta zagayo, kowannenmu ya kai mutum ɗaya na gidansu a auna shi.