Ba kullum ne laifin "rezo" ba: abin da ke sa manhaja tsayawa cak

A shagunan aika kuɗi da na buga takardu a Birnin Konni, da zarar kwamfuta ta ƙame, amsar ɗaya ce: "rezo ya tafi." Sai dai sau da yawa layin sadarwa lafiyarsa lau. Manhajar ce ta ci karo da abin da wanda ya rubuta ta bai yi tanadinsa ba, ta rasa yadda za ta yi, ta mutu nan take.

Sunan garin ma ya isa misali. A takardun hukuma ana rubuta shi Birni N'Konni, kuma wannan 'yar alama da ke bayan N ita ce wadda harshen rumbun bayanai na SQL ke ɗauka a matsayin ƙarshen magana. In magini bai kiyaye ba, rubuta sunan kaɗai zai kayar da manhajar. Haka lissafi: ɗan kasuwar Malbaza da ya rubuta 10.000 dubu goma yake nufi, irin na Faransanci, amma manhajar da aka gina a tsallaken iyaka, a Nijeriya, tana iya karanta shi goma kacal, ko ta ƙi shi ɗungurungum.

Masana kan sa manhajar ta dakata daidai inda ta faɗi, su duba layin da ya jawo matsalar, su bi sawun umarnin da suka kai ta wurin, su ga lambar da take riƙe da ita a lokacin. Mu a ganinmu, mafi haɗari shi ne maginin da ke rufe kuskuren don kada mai shago ya gani, domin kuɗi na iya salwanta shiru.

Manya ma abin bai bar su ba. Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kuru, a yankin Guyana na Faransa, ɗauke da taurarin ɗan Adam 4. Wata lamba ce ta zarce 32,767, iyakar abin da gurbinta ke ɗauka, kuma babu umarnin da zai tare ta. Na'urar ko-ta-kwana ita ma ta faɗi, don manhajarsu ɗaya, wadda aka gado daga Ariane 4. Babbar kwamfutar rokar kuwa sai ta ɗauki saƙon kuskuren a matsayin bayanin hanya, ta karkata akalar rokar.