Romon Talo-talo da Taliya: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Zubar da Ƙashi

Washegarin Sallah ko walima, a gidaje da yawa a birnin Katsina za ku tarar da wani kwano a gefe. A cikinsa akwai wuya, fukafukai da ƙashin bayan talo-talon da aka yanka jiya. Tsokar ta tafi wajen baƙi da maƙwabta, abin da ya rage kuma bai isa a ba kowa yanka ɗai-ɗai ba. Wannan kingin, kamar yadda Katsinawa ke kiran ragowa, yana iya ciyar da gida guda idan kuka mayar da shi romo kuka zuba masa taliya.

Wane irin abinci ne wannan?

Ɗan'uwan farfesu ne, sai dai ana zuba masa taliya da kayan lambu, a sha da cokali. Ya bambanta da dafa-dukan taliya, wadda ake bari ruwanta ya tsotse. A nan ruwan shi ne abincin.

An fi sanin wannan romon a Amurka. Shi talo-talo asalinsa tsuntsun can ne, a Meziko aka fara kiwonsa, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Amurkawa suna gasa shi ɗungurungum a bikin godiyarsu, ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, washegari kuma su dafa ƙasusuwan su yi romo. Mu a nan yanyanka shi muke yi, mu sulala, mu soya. Saboda haka ragowarmu soyayyen nama ne, kuma muna da abin da su ba su da shi, wato ruwan sulalen. Kada ku zubar da shi. Idan kuma zabo ko kaza kuka yanka, wanda ma shi aka fi yi a Katsina, hanyar duk ɗaya ce.

Me ke cikin ƙashi har da za a dafa shi?

Kun san yadda farfesun ƙafar sa yake daskarewa idan ya huce, ya kuma riƙa manne wa mutum a leɓe? Abin da ke jawo haka wani sinadari ne da ake kira kolajin. Yana cikin gaɓoɓi, guringuntsi, jijiya da fata. Idan ya daɗe a ruwan zafi sai ya narke ya ba romo kauri da garɗi. Wuyan talo-talo da fukafukansa cike suke da shi, sun ma fi ƙirji, wanda tsoka ce zalla. Idan romonku ya kwana a firij ya wayi gari a daskare, ba lalacewa ya yi ba, alama ce ya dahu yadda ake so.

Naman ya kwana, babu matsala?

A nan nake so ku fi natsuwa, domin nan ne ake samun kuskure. Mun saba da ɗumamen tuwo, har muna ganin duk abin da ya kwana, da an ɗora shi a wuta shi ke nan. Nama ba haka yake ba.

Akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya. Suna hayayyafa da sauri a abincin da ba shi da zafi sosai, ba shi kuma da sanyi sosai. Ƙa'idar da masana tsaftar abinci suka shimfiɗa ita ce kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a waje. Idan zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas, awa 1 ne kawai. Ku tuna cewa a Katsina, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan kai digiri 40. Abin da zai jure a sanyin hunturu ba zai jure a bazara ba.

Za ku ce ai za a sake tafasawa. Tafasa tana kashe yawancin ƙwayoyin, amma wasunsu sukan bar guba a cikin abincin, wadda wuta ba ta kashewa. Kuma ba kullum wari ke tona asirin naman da ya ɓaci ba. Wani yana nan da ƙamshinsa, amma ya sa amai da gudawa.

A firij mai sanyi sosai, ragowar nama tana yin kwana 3 zuwa 4. Idan wuta ba ta tsayawa a unguwarku, kada ku dogara da wannan lissafin. Mafi sauƙi shi ne ku ware wuya, baya da fukafukai tun kafin a raba abinci, ku ɗora romon a ranar. Soyayyen da ya bushe ƙarau ya fi wanda ke cikin miya jurewa, amma idan ya fara yauƙi ko ya canja wari, ku haƙura da shi. Ƙashin da wani ya riga ya gwaigwaya kuwa ba ya komawa tukunya.

Yaya ake dafawa?

Sirrin duka a jeri yake: ƙashi ya daɗe a wuta, tsoka ta shiga a makare, taliya ta zo ƙarshe.

Ku fara da tsince duk tsokar da ke jikin ƙashi, ku yayyaga ta ƙanana, ku rufe ku ajiye a wuri mai sanyi. Ku zuba ƙasusuwan a tukunya da ruwan da zai sha kansu, kamar lita 3 zuwa 4 idan na talo-talo guda ne, har da ruwan sulalen idan an adana shi da kyau. Ku jefa albasa babba da aka raba biyu, tafarnuwa, citta, masoro, kanumfari kaɗan da kimba guda da aka fasa. Kimba da kanumfari suna da ƙarfi, idan suka yi yawa romon zai yi ɗaci. Kada ku sa gishiri yanzu, domin naman ya riga ya sha gishiri da magi jiya, ruwan kuma zai ragu.

Da ya tafasa sai ku rage wuta ya riƙa dahuwa a hankali, awa ɗaya da rabi zuwa awa 2. Ku riƙa kwashe kumfa da man da ke tasowa da ludayi. Soyayyen nama yana sakin mai da yawa, ku tara shi a kofi, zai yi amfani.

Sai ku tace da gwagwa ko rariya. Wannan matakin ba a tsallake shi. A ƙafar talo-talo akwai jijiyoyin da suka taurare suka zama kamar tsinke, sirara masu kaifi, waɗanda za su iya maƙale wa yaro a maƙogwaro.

Da cokali 2 na man da kuka kwashe, ku soya albasa da jajjagen attaruhu da tattasai. Mai son daddawa ya daka kaɗan ya zuba, ni dai ina ganin ita ke mayar da wannan romon namu na gida. Ku juye tataccen romon a kai, ku sa karas, bayan kamar minti 10 ku sa taliya. Idan ta kusa dahuwa sai tsokar ta shiga tare da kabeji, komai ya tafasa sosai. Idan tsokar ta soyu ta yi tauri, ku sa ta tare da karas. Yanzu ne za ku ɗanɗana ku daidaita gishiri.

Wace taliya ta fi dacewa?

A ganina 'yar murji ce, taliyarmu ta Hausa da mata ke murzawa da injin hannu su shanya a igiya. Tana dahuwa cikin 'yan mintuna, garin da ke jikinta kuma yana ƙara wa romo ɗan kauri. Aibinta ɗaya, saurin caɓewa, don haka kada ku bar bakin murhu. Ta leda tana buƙatar kamar minti 10, ku kakkarya ta yadda cokali zai ɗauka. Indomie ma tana yi, minti 3 ya ishe ta. Kowacce kuka zaɓa, ku zuba ƙasa da yadda idonku ya raya muku, domin taliya tana ci gaba da shan ruwa ko bayan an sauke.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai hawan jini, saboda gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci ya kai giram 5 a yini, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Idan Indomie kuka sa, ku ajiye garin ɗanɗanon da ke cikin ledar, romon ya wadatar. Mai ciwon suga a rage masa taliya a ƙara masa kabeji. Ƙananan yara, tsofaffi da masu juna biyu su ne gurɓataccen abinci ya fi kayarwa, saboda haka idan kuna shakkar naman, kada ku gwada a kansu.

Nawa zai ci muku?

Naman kun riga kun biya. Abin saye shi ne taliya, kayan miya da kayan lambu, kuma duk za ku same su a 'Yar Kutungu ko Babbar Kasuwa. Lokacin hunturu, sa'ad da kayan noman rani ke shigowa gari, karas da kabeji sukan yi araha, kuma lokacin ne jiki ya fi son romo mai zafi. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne makamashi, tun da awa 2 a kan gas ba wasa ba ne. Ku yi doguwar dahuwar a kan gawayi ko itace, ku ƙarasa a gas.

Idan romon ya fi ƙarfin cin yau fa?

Ku raba shi tun kafin taliya ta shiga. Wanda za a ajiye ku zuba shi a ƙananan robobi marasa zurfi don ya huce da wuri ku sa a firij, domin babbar tukunya takan daɗe da ɗumi a tsakiyarta, kuma a wannan ɗumin ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Gobe ku tafasa shi sosai, sannan ku zuba masa sabuwar taliya daidai wadda za a cinye.