Idon mai walda da lissafin kwamfuta a bakin tsaga

Duk mai walda da ke gyaran manyan motoci a Gaya ko Bana ya san muguntar tsaga a bakinta take. In shasin tirela ya tsage, sai ya kankare tsatsa, ya bi layin da ido har inda ya sirance kamar gashi, ya huda ɗan rami daidai nan, sannan ya kunna wuta. Ramin ya dakushe bakin ke nan, nauyi ya bazu maimakon ya taru wuri guda.

Abin da hannunsa ya sani shi wani masani, Inglis, ya lissafa a Ingila a 1913, wani masanin kuma, Irwin, ya ƙarasa a Amurka a 1957: in ka rage tazararka da bakin tsaga zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin da ke jan ƙarfen ya ninka biyu. Injiniyan yau yana zana ƙarfen a kwamfuta, ya yayyanka shi gutsi-gutsi, mafi ƙanƙanta a bakin tsagar, ya ɗora masa nauyi ya ga inda zai ba da kai.

Ga tsagar da ke rarrafe, wadda ramukan hanyar Dosso ke ƙara wa tsawo kaɗan-kaɗan, ni mai walda nake bi. Yana ganin tsatsa da tsohuwar walda mara kyau, abubuwan da kwamfuta ba ta sani ba sai an gaya mata. Ga kuma araha.

Amma akwai tsaga mai gudu. A watan Janairun 1943 jirgin dakon mai Schenectady ya rabe biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka, cikin sanyi. Irin wannan, a gilashi, takan ci mita 1,500 a daƙiƙa guda. Girgizar da ta tayar takan bugi gefen abin da ke tsagewa ta dawo ta same ta, har ta yi rassa. Wane ido ne zai bi ta, balle a huda mata rami? Lissafi kaɗai ke riga ta, shi ma tun kafin a ƙera abin.

Shi ya sa bututun mai na kusan kilomita 2,000 da ya taso daga Agadem, ya haye kogin Kwara ta wajen Gaya ya nufi gaɓar tekun Benin, ba a barin kaurinsa da taurin ƙarfensa ga ido. Sai an lissafa, an gwada, sannan a haska kowace walda da na'ura kafin a binne.